Shin ya dace in sayi na'urar duba matsalar mota in ajiye a gida?

Mai Corolla, Hotoro:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008 wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma tun shigowar hunturu fitilar cek ɗin injin take kamawa, ta ɗauke, ta sake dawowa, alhali motar tana tafiya lafiya in ban da shan mai da ya ɗan ƙaru. Duk sanda na kai ta gareji sai a ce sai an sa mata kwamfuta, a karɓi kuɗin dubawa, a goge fitilar, kwana kaɗan kuma ta dawo. Shi ne nake tunanin sayen ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Ni ba bakanike ba ne, iyakata canjin baƙin mai da fulogi da matatar iska. Za ta amfane ni kuwa, ko asarar kuɗi ce?

Mai wayarin, Ƙofar Ruwa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ka saya, amma ka san iyakar abin da za ta yi maka tun kafin ka zaro kuɗinka.

Motarka za ta karɓe ta, domin tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin gano matsalar mota da ake kira OBD-II, mai soket ɗin nan na rami 16 da ke ƙasan sitiyari. A Turai an wajabta irinsa ga masu fetur daga 2001. Mafi araha ita ce samfurin ELM327, wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai ka karanta sakamakon a manhaja irin su Torque ko Car Scanner.

Inda mutane suke tafka asara shi ne ɗaukar lambar matsala da na'urar ta nuna a matsayin sunan kayan da za a saya. Lambar tamkar awon zafin jiki ce, tana nuna akwai zazzaɓi amma ba ta ce maleriya ba ce ko taifot. Ɗauki P0171 misali, wadda ma'anarta iska ta rinjayi mai a cikin injin. Da yawa suna ganinta sai su garzayo nan kasuwa neman sansar salansa, wato mai auna iskar da ke cikin hayaƙi, alhali sau tari ƙurar hunturu ce ta rufe sansa mai auna iska da ke bayan matatar iska, ko tiyo ya tsage yana zuƙo iska, ko famfon mai ya yi sanyi. A irin Corolla ɗinka ma gasket ɗin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, yakan saki idan gari ya yi sanyi. Haka P0301, tana cewa silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, amma ko fulogi ne, ko kwayil, ko nozul, wannan sai an gwada da hannu. Mu kan musanya kwayil ɗin da na silinda ta biyu, idan lambar ta koma P0302 to an kama mai laifi ba tare da an sayi komai ba. Wannan kai ma za ka iya yi a ƙofar gidanka.

Direban Kano zuwa Abuja:

Malam, ni ina da ita, sai dai ba zan ce kowa ya saya ba. Masu arahar nan galibi injin kaɗai suke karantawa, ba su shiga birkin ABS ko jakar iska, waɗannan sai manyan na'urori irin na Autel ko Launch da ke hannun masu sana'a. Jabu kuma sun cika kasuwa, don haka ka sa mai shago ya gwada a motarka kafin ka biya, kuma kada ka bar ta soke idan motar za ta daɗe a ajiye, saboda soket ɗin yana da wuta ko an kashe mota.

Inda ta fi yi mini rana shi ne wajen sayen mota ta hannu. Idan dillali ya goge lambobi da safe, fitila za ta ɗauke, amma na'urar za ta nuna cewa gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta ba su kammala ba, kuma wannan kaɗai ya isa mutum ya yi hattara. Idan kuma P0420 ta fito, a leƙa salansa a tabbatar ba a kwashe abin da makanikai ke kira indomi ba, wato matatar da ke tace hayaƙi a cikin salansa, domin lambar tana nuna ba ta aiki yadda ya kamata.

Mai Corolla, Hotoro:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan na karanta lambar, in goge ta ne ko in bar ta?

Mai wayarin, Ƙofar Ruwa:

Kada ka goge, Malam, sai bayan an yi gyara. Kwamfutar motar tana adana yanayin da injin yake ciki a lokacin da matsalar ta faru, kamar zafinsa da gudunsa, kuma gogewa tana tafiya da wannan bayanin da bakanikenka ya fi buƙata. Ka ɗauki hoton lambar a wayarka ka je masa da ita. Idan kuwa ka ga fitilar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, to ka rage gudu ka nemi wuri ka tsaya, domin ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa, kuma yana iya ƙona indomin kafin ka isa gareji.