Babban kamfani ko na araha: wanne matuƙi zai kama?

Mai Jiran Kujerar Hagu: Jama'a, raina a ɓace yake. Kamfanoni biyu suka ba ni aikin tuƙin jirgin sama, ɗaya babba, ɗaya na araha, wato mai arahar tikiti. Da na ce babban zan kama, sai abokaina suka yi mini ca, wai zan tsufa a kujerar dama ina mataimaki. To in tsufa mana! Gara haka da in zama direban haya a sama: sauka huɗu a yini, a juya jirgi cikin minti 25, wani wurin ma kai za ka biya kuɗin horon jirgin da za ka tuƙa musu. Duk wanda ya zaɓi na araha, gaggawa ce ta ja shi.

Kyaftin 737: Wa kake kira direba, yaro? Lasisin ATPL, wato babban lasisin tuƙin jirgin fasinja, iri ɗaya ne, awa 1,500 ake nema daga kowa. Iska ba ta tambayar nawa fasinja ya biya kafin ta bugi jirgi.

Uwar Matuƙa: Kyaftin, a yi haƙuri, ƙuruciya ce. Amma ƙanena, ka janye kalmar nan.

Dogon Zango: Me zai janye? Wanda ke kai da komo tsakanin birane biyu tun asuba har dare, me sunansa?

Kyaftin 737: Sunansa wanda ya iya sauka. Ku masu dogon zango fa? Awa 12 kuna kallon na'ura tana tuƙi, ku huɗu kuna rabon sauka ɗaya. Doka ta ce tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, wasunku sai an kai su na'urar kwaikwayo suke cikawa.

Dogon Zango: Yallabai, hassada ce. Wanda bai taɓa zama gaban katafaren jirgin nan A380 ba ai haka zai ce.

Ɗan Direba: Ni abin da ya dame ni, yaushe direba ya zama zagi? Da tuƙin mota mahaifina ya biya mini makaranta.

Mai Lissafi: Kun bar tambayar bawan Allah. A manyan kamfanoni da yawa, musamman na Amurka, ranar da aka ɗauke ka ita ke yanke komai: hutu, hanyar da za ka bi, girman jirgi, da lokacin zama kyaftin. In ka sauya kamfani, ƙasan layin daɗewa za ka koma, komai yawan awanninka. Ga ritaya a shekara 65. Saboda haka mai niyyar babba, kowace shekara da ya yi a wani wuri asara ce a layin. Kamfanin araha da ke ƙara jirage kuwa yakan ba da kujerar hagu, wato ta kyaftin, da wuri, kuma galibi a gida kake kwana.

Dogon Zango: A gida kake kwana, amma a gajiye.

Uwar Matuƙa: A Turai dai iyakar tuƙi awa 900 ce a shekara, babba da ƙarami. Kai da ke tsallake lokutan duniya, barcinka daidai yake?

Mai Jiran Kujerar Hagu: Ni tabbacin aiki nake nema. Babba ba ya faɗuwa.

Kyaftin 737: Babban kamfanin Amurka Pan Am fa? A 1991 ta rufe. A 2020 manya nawa suka sallami matuƙa?

Dogon Zango: Na araha fa? Spirit ta shiga fatarar kuɗi a 2024. Ryanair kuma sai ƙarshen 2017 ta yarda da ƙungiyoyin matuƙa, bayan ta soke dubban tafiye-tafiye.

Ɗan Direba: Har yanzu ba wanda ya ba direbobi haƙuri.

Masoyin Airbus: Ni ba ruwana da babba ko ƙarami. In dai jirgin Boeing 737 ne, a kai kasuwa. easyJet jirgin Airbus A320 take tuƙawa, ko tebur kana da shi a gabanka.

Kyaftin 737: Tebur! Cin abinci ka je yi ko tuƙi? Southwest ta fara tashi a 1971, da 737 ta gina sunanta.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda kamfanin araha ya fi koya wa matuƙi aiki, ya fi saurin ba da kyaftin, kuma masu dogon zango ba su kawo hujja ba sai alfahari. Mai tambaya ya janye "direba". Ni ma na araha nake wa aiki, amma wannan bai shafi hukuncina ba.

Mai Jiran Kujerar Hagu: Yaushe na janye?

Mai Lissafi: Ranka ya daɗe, maganar layin daɗewa da na yi fa? Ko a gurguje ba ka ambata ba.