Za a iya korar kansila kan zargi kawai?

Ɗan Legas: Jama'a, ana zargin wani kansila da cinye kuɗin gyaran kwata. Majalisar ƙaramar hukuma za ta iya korarsa?

Hajiya Agege: Malam, zargi ba hujja ba ne. A shigar da koke a rubuce, kwamiti ya duba takardun biyan kuɗi, ya je ya auna kwatar, sannan a ba shi damar kare kansa. Nan ake yawan tuntuɓe: in aka tsallake sauraronsa, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci, ya ishe shi a kotu.

Baban Idi-Araba: Gaskiyarki, Hajiya. Dakatarwa marar wa'adi kuwa mazaɓa take cuta, ta rasa wakili. Batun kuɗin, a kai wa hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC, da kwafin kwangilar da hotunan kwatar.