Muhawara: Ko ya dace ɗan Katolika ya shiga Misa da bindiga a ɓoye?

Mazaunin Teksas: Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai abin da ya tsaya mini a rai. A cocin da nake zuwa Misa a nan jihar Teksas an liƙa sanarwa a bakin ƙofa cewa an hana shiga da bindiga, ko da mutum yana da lasisi kuma ya ɓoye ta a ƙarƙashin riga, alhali tun watan Satumban 2019 dokar jihar ta halatta shiga wurin ibada da makami matuƙar masu wurin ba su hana ba. Ba mu manta da Sutherland Springs ba, inda aka kashe mutum 26 a cocin Baftis a Nuwamban 2017, ba mu kuma manta da 27 ga Agustan 2025 ba, ranar da aka harbe yara biyu ana tsakiyar Misa a cocin Katolika na Annunciation da ke Minneapolis. Mai niyyar kisa ba ya tsayawa karanta sanarwa. Wanda ya liƙa ta ya mai da mu tumakin da aka ɗaure a turke ana jiran mahauci.

Katikis: Ɗana, kalmar tumaki da ka jefo kamar zagi, ita ce sunan da Ubangiji ya kira mu da shi. A Matiyu 10:16 ya ce yana aiken almajiransa kamar tumaki a tsakiyar kyarketai, kuma a daren da aka zo kama shi, da Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya umarce shi ya mai da takobin kube. Idan zama tunkiya abin kunya ne a wurinka, sai ka sake duba wanda kake bi.

Tsohon ɗan sanda: Malam Katikis, tumaki ba sa kiwon kansu. Dauda ya gaya wa Sarki Saul cewa ya kashe zaki da beyar saboda garken mahaifinsa, kuma Katikisim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2265 ya koyar cewa kare rai na iya zama nauyi mai girma a kan wanda aka ɗora wa alhakin rayukan wasu. Sai dai kuma, ɗan'uwa na Teksas, makiyayi daban, garke daban. Mutumin da ya harbe maharin wani coci a garin White Settlement na jiharku a Disamban 2019 cikin daƙiƙa shida, Jack Wilson, shi ne shugaban masu tsaron cocin kuma mai koyar da harbi ne, duk da haka sai da aka rasa mutum biyu. Na riƙe bindiga a bakin aiki, na san yadda hannu ke rawa idan mutane suka ruɗe. Ka ɗauka ana kan layin karɓar Jibin Ubangiji a tsakiyar Misa, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, sai ƙara ta tashi, maza biyar da ba su san juna ba suka zaro bindigogi daga benci daban-daban. Wa zai gane mahari, kuma 'yan sanda idan sun iso wa za su fara harbi?

Uwar zumunta: Ni ba zan bar maganar tumakin nan ta wuce ba. Ɗana, mu da muke nan gida Najeriya muna fita Misa kowace Lahadi hannu biyu, mu ne tumakin yankan? An tayar da bam a cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011, an kashe fada biyu da masu ibada a Mbalom ta jihar Binuwai a Afrilun 2018, an kashe mutum aƙalla 40 a cocin St. Francis da ke Owo ranar Fentikos ta 2022, kuma ba mu daina zuwa ba. Muna barin manyan jakunkuna a gida, samari suna laluba mu da na'ura a bakin ƙofa, motoci suna tsayawa can nesa bayan durom-durom ɗin da aka cika da siminti. Wannan ba tsoro ba ne, kuma wanda ya haye jirgi ya tafi ba shi ne zai zo ya raɗa mana suna ba.

Mazaunin Teksas: Mama, ki yi haƙuri, ban nufe ku ba, kaina da 'ya'yana nake nufi. Amma maganar na haye jirgi ta yi mini zafi, domin iyayena suna nan tare da ku, kuma duk Lahadi hankalina ba ya kwanciya sai na ji an tashi daga coci lafiya.

Matashin coci: Mama, mu ne samarin da kike cewa suna laluba ku, kuma abin da ke hannunmu na'ura ce da usur. Idan masu AK-47 suka sauko daga kan babura, mu ne na farko da za a kwantar. Yesu da kansa a Luka 22:36 ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya, kuma Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu. Yayanmu na Teksas ya faɗi gaskiya, an dai ji zafin kalmar ce kawai.

Malamar makaranta: Ƙanena, ka karanta ayoyi biyu na gaba, inda almajirai suka nuna takuba biyu ya ce musu ya isa, sannan ka tuna cewa Janar Danjuma ba bishof ba ne. Haka kuma Najeriya ba Teksas ba ce. A dokar makamai ta 1959, ƙaramar bindiga irin wadda ake sokewa a ƙugu tana cikin jerin makaman da aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ko bindigar farauta ma sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ranar da aka kama saurayi ɗaya da fistol a cikin coci a Kaduna ko Jos, kai ma ka san irin labarin da zai zagaya gari kafin azahar, da waɗanda za su biya kuɗinsa.

Matashin coci: Malama, ke a bencin gaba kike zama, kusa da bagadi. Ki zo ki tsaya tare da mu a bakin ƙofa Lahadi ɗaya tak, sannan ki karanta mini doka.

Malamar makaranta: Ba zan amsa wannan ba, domin wurin zamana a coci bai canja ko harafi ɗaya na dokar ba.

Katikis: Har yanzu ban ji an janye kalmar ba. Kuma a Minneapolis ɗin da aka ambata, daga waje maharin ya yi harbi ta tagogi, don haka ina so a gaya mini abin da bindigar da ke ƙarƙashin riga za ta yi.

Shugaban zaure: Iyaye da 'yan'uwa, lokaci ya yi da za a rufe wannan batu. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawanmu mun yarda cewa gidan Allah gidan addu'a ne, bindiga ba ta da wuri a cikinsa, kuma Baba Katikis ya kafa hujja daga Littafi Mai Tsarki wadda babu wanda ya iya turewa. Ko a Amurka ɗin ma, lokacin da jihar Jojiya ta sassauta dokar bindiga a 2014, Akbishof Wilton Gregory na Atlanta ya hana shiga majami'un Katolika na yankinsa da makami, in ban da jami'an tsaro. Ɗan'uwanmu na Teksas ya nemi gafarar Mama, mun ɗauka ya janye maganarsa, samari kuma su riƙa sassauta harshe a gaban manya.

Tsohon ɗan sanda: Ranka ya daɗe, ka tsallake abin da na faɗa. Ban goyi bayan kowa ya shiga da bindiga ba, amma ban ce a bar ƙofa ga yara masu usur ba. A rubuta cewa na nemi majalisar coci ta je wurin DPO ta nemi jami'ai masu makami a waje duk lokacin Misa, kuma a sa wannan cikin abin da za a kai wa Fada.