Dogon Hutu da Yara Uku: Orlando, Paris ko Abu Dhabi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu. Ni da maigidana mun yi niyyar kai yara wurin wasa da shaƙatawa a dogon hutun nan, cikin watan Agusta, kuma kwana takwas kawai ya samu a wurin aiki. Yaran uku ne: Hanifa mai shekara 13, ƙaninta mai shekara 8, da autarmu mai shekara 4. Wurare uku muke dubawa, wato Orlando a Amurka, da Disneyland na Paris, da tsibirin Yas a Abu Dhabi. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne masauki: mu sauka a otal ɗin da ke cikin harabar wurin wasan, ko mu kama gida a waje mu riƙa zuwa kullum?

Baban Khalid: Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Zan yi magana a kan Orlando tunda can muka je da iyalina. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, Walt Disney World ba wurin wasa ɗaya ba ne kamar yadda mutane da yawa ke zato. An buɗe shi a 1971, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 100, kuma manyan wuraren wasa huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom, da EPCOT, da Hollywood Studios, da Animal Kingdom, kowanne da ƙofarsa, kowanne kuma yana cin yini guda cur. Ga kamfanin Universal kuma a wani ɓangaren na garin, da nasa wuraren, har da Epic Universe da aka buɗe a watan Mayun 2025. Idan kuka cire ranar zuwa da ranar komawa daga kwana takwas, shida suka rage, kuma gajiyar jirgi da bambancin lokaci za su cinye muku ranar farko ko kun so ko ba ku so ba. Mu mun yi kwaɗayin ganin komai, muka jera kwana biyar ba hutu, a rana ta huɗu ƙaramin yaronmu ya zauna daɓas a bakin ƙofar shiga ya ce shi otal zai koma, ga tikiti an riga an biya.

Abu na biyu shi ne yanayi. A Agusta zafin jihar Florida, inda Orlando yake, yana kaiwa digiri 33, ga gumi mai nauyi, kuma kusan kowace rana hadari yakan haɗu da yamma a yi ruwa da tsawa. Da zarar an hango walƙiya a kusa, ana tsayar da lilon da ke waje da wuraren ninƙaya har sai ta wuce. Lokacin guguwar Tekun Atlantika ma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, saboda haka idan can kuka zaɓa, ku karanta sharaɗin soke tafiya na otal da na jirgi tun kafin ku biya.

Hajiya Rabi: Maman Hanifa, 'yata, ni abin da zan ce miki shi ne ki tsara tafiyar nan a kan ƙarfin autarku, ba a kan burin babbar ba. Na je irin wannan hutu sau biyu da jikokina, kuma na lura cewa yaro ɗan shekara huɗu yana da sa'a huɗu ko biyar na walwala a yini, daga nan sai rigima, in kuwa ya fara, babu wanda zai ji daɗi, har mai shekara 13 ɗin. Wannan ne ya sa nake goyon bayan otal ɗin cikin haraba. Muna fita da sassafe kafin a buɗe ƙofa, mu hau abubuwan da suka fi cunkoso yayin da layi bai yi tsawo ba, da rana ta take mu koma ɗaki, ƙananan su yi barci, manyan su shiga ruwa, sai bayan rana ta yi sanyi mu sake fita mu tsaya har a yi wasan wuta da dare. Wanda ya sauka nesa ba zai iya wannan ba, domin komawa gida da dawowa kaɗai za su ci masa sa'a biyu, sai ya haƙura ya zauna cikin rana da yaro yana kuka.

Malam Nasiru: Hajiya, ku gafarce ni, ina da ɗan ja a nan. Gaskiya ne kusanci yana da daɗi, amma yawancin ɗakunan waɗannan otal-otal na mutum huɗu ne, su kuwa su biyar ne, wanda ke nufin ko dai su nemi ɗakin iyali, ko su kama ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, kuma duka biyun suna ƙarewa da wuri a lokacin hutu. Mu gida muka kama mai ɗaki uku da injin wanki, kuma duk wanda ya taɓa tafiya da yara a lokacin zafi ya san darajar injin wanki. Abin da muka rage a kuɗin masauki shi muka ƙara kwana da shi.

Baban Khalid: Malam Nasiru, ka faɗi gaskiya game da ɗaki, sai dai a haɗa lissafin duka. Wanda ya kama gida a Orlando dole ya yi hayar mota, ya biya kuɗin ajiye ta kowace rana, kuma a Magic Kingdom wurin ajiye motoci ba ya jikin ƙofa: sai ka bar motar ka hau jirgin ruwa ko jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya kafin ka isa. Da dare bayan wasan wuta, dubban mutane ne ke neman hawa a lokaci guda, kai kuma kana saɓe da yaro mai barci. Baƙin otal-otal ɗin Disney kuwa ana barinsu su shiga minti 30 kafin sauran jama'a, ga motocin bas kyauta. A Universal ma, manyan otal ɗinsu uku, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna haɗa wa baƙi takardar tsallake dogon layi a tsofaffin wuraren wasansu biyu, kuma ga iyali mai mutum biyar wannan kaɗai yana iya cike bambancin.

Malam Nasiru: Na yarda da wannan. A Orlando nisa yana da tasiri sosai. A Paris ne na ga ba lallai ba ne.

Anti Zulai: Yawwa, tunda an ambaci Paris, bari in sa baki, domin a ganina shi ya fi dacewa da kwanakin da kuke da su. Disneyland na Paris, wanda aka buɗe a 1992, yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, kuma wuraren wasa biyu ne kawai, ƙofofinsu na kusa da juna, tashar jirgin ƙasa kuma tana nan a gabansu. Jirgin RER layin A yana kawo mutum daga tsakiyar Paris cikin kimanin minti 40, jirgin ƙasa mai gudu na TGV kuwa daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle minti goma ne kacal. Kwana uku sun isa ku ga wuraren biyu a natse, sauran kwanakin ku huta, ko ku shiga birni yaran su ga hasumiyar Eiffel. Akwai otal-otal da gidajen haya a Val d'Europe, tasha ɗaya kafin wurin, saboda haka ko ba ku sauka a cikin haraba ba, shawarar Hajiya ta komawa ɗaki da rana tana yiwuwa. Aibinsa shi ne makarantun Faransa da na maƙwabtanta duk suna hutu a Yuli da Agusta, cunkoso ba a magana, kuma wasu shekarun Paris ma takan yi zafi mai tsanani, ba kowane masauki ne kuma yake da na'urar sanyaya ɗaki ba. Ki tambaya a rubuce kafin ki biya.

Yaya Aminu: Ni Abu Dhabi na je, kuma a Agusta. Zafin waje ya wuce digiri 40, ba a iya tsayawa a fili ko na minti goma da tsakar rana, amma an gina wuraren ne da sanin haka. Warner Bros. World, da aka buɗe a 2018, duk a rufe yake cikin sanyi, haka SeaWorld da aka buɗe a 2023, Ferrari World ma mafi yawansa a ƙarƙashin rufi yake. A can ne lilon Formula Rossa yake, wanda ke kaiwa gudun kilomita 240 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba mutum tabarau ya sa saboda iska. Hanifa za ta so shi, autar kuwa Warner Bros. ne nata. Wuraren suna kusa da juna, wasu otal-otal ɗin tsibirin kuma suna haɗa kwana da tikitin shiga. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, bayan kwana uku mutum yakan gaji da zama a rufe, daga ɗaki mai sanyi zuwa mota mai sanyi zuwa zaure mai sanyi, yara ba su taka ciyawa ba ko sau ɗaya.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Wani abu da ban fahimta ba: shin duk lilon ne za su iya hawa tare, ko za a raba su?

Anti Zulai: Za a raba su, kuma tsayi ake dubawa, ba shekaru ba. Ki tsayar da kowannensu a jikin bango da takalmin da zai sa, ki auna da santimita, sannan ki shiga shafin wurin ki duba sharaɗin kowane lilo. Alal misali, Space Mountain na Magic Kingdom yana buƙatar santimita 112, jirgin Seven Dwarfs kuwa 97. Ni ban yi haka ba a tafiyarmu ta farko. Ɗana ya yi wata biyu yana kallon bidiyon wani lilo, muka yi minti 50 a layi, da muka zo gaba ma'aikaciyar ta tsayar da shi a jikin sandar awo, kansa ya gaza da faɗin yatsa biyu. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ta yi murmushi ta girgiza kai. Kukan da ya yi a ranar har yanzu ina jinsa, kuma laifin nawa ne, domin akwai irin sandar tun a bakin layin, ban kula ba.

Akwai kuma tsarin musayar iyaye da yawancin manyan wuraren ke da shi. Ku gaya wa ma'aikacin da ke bakin layi cewa kuna da ƙaramar da ba za ta hau ba. Maigidanki ya hau da manyan, ke ki jira da autar, idan sun sauko ke ki hau ba tare da kin sake bin dogon layi ba.

Malam Nasiru: Ƙari a kan maganar otal: ku karanta abin da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan farashi. Wani otal da muka kwana biyu a cikinsa kafin mu koma gidan haya ya ƙara mana kuɗin da suke kira na amfani da kayan shaƙatawa, kowace rana daban, ko mun shiga wurin ninƙaya ko ba mu shiga ba, kuma sai ranar fita muka gani a takardar biya. Ku tambayi jimillar kuɗin da haraji da duk wani ƙari, ku tambayi ko motar da ke kai baƙi wurin wasa kyauta ce da kuma sau nawa take tashi, domin wasu sau biyu kawai take fita da safe, ta dawo sau ɗaya da dare.

Hajiya Rabi: Kada ki bar keken tura yara a gida don kina ganin autar ta girma. A irin waɗannan wurare mutum yakan taka kilomita goma ko fiye a yini bai sani ba, keken kuma shi ne gadonta, shi ne ma'ajiyar gorar ruwa da rigunan ruwa. Ki ɗaura masa ƙyalle mai launi, domin ma'aikata sukan jera kekunan su sauya musu wuri, ki fito ki tarar da ɗari iri ɗaya. Sannan kowace safiya ki ɗauki hoton yaran da kayan da suka sa, ki rubuta lambar wayarki ki sa a aljihun ƙananan, ki nuna musu irin rigar ma'aikata ki ce idan ba su gan ki ba wurinsu za su je. Jikata ta taɓa ɓace mana na minti bakwai a cikin taron masu kallon fareti, hoton safiyar ne muka nuna aka gano ta tsaye a gaban wani shago tana kallon balan-balan.

Yaya Aminu: Idan har Turai kuka nufa, ku duba Europa-Park da ke Rust a Jamus, kusa da iyakar Faransa. Tun 1975 yake, an rarraba shi unguwa-unguwa da sunayen ƙasashen Turai, yana da otal-otal nasa, da wurin wasan ruwa na Rulantica. Legoland na Billund a Denmak, wanda aka buɗe a 1968, yana dab da filin jirgin sama, amma an fi yin sa don 'yan ƙasa da shekara 12, ina jin Hanifa za ta ƙosa.

Maman Hanifa: Allah ya saka muku da alheri. Mun zauna da maigidana jiya da dare, mun ajiye Orlando sai autar ta ƙara tsayi kuma ya sami hutu mai tsawo. Paris za mu je: kwana uku a wurin wasan da hutun yini ɗaya a tsakani, sauran a cikin birni. Na auna su kamar yadda Anti Zulai ta ce, autar santimita 101 ce, na tsakiyar 127. Anti, tsakanin otal ɗin haraba da Val d'Europe, wanne za ki zaɓa da kece?

Anti Zulai: Ki fara neman ɗakin mutum biyar a cikin haraba na dare uku ɗin nan, saboda baƙinsu suna shiga kafin a buɗe wa kowa, kuma wasu otal ɗin da ƙafa ake zuwa ƙofa. Idan ba ki samu ba, ki kama gida a Val d'Europe wanda bai wuce tafiyar minti biyar zuwa tasha ba. Tikitin kuma ki saya ta intanet da ranar da za ku shiga a jikinsa, ki sauke manhajar wurin a wayarki da ta maigidanki, domin a cikinta ake ganin tsawon kowane layi, kuma ki tafi da abin cajin waya na hannu, don manhajar tana shan batir sosai.