Ƙanwata tana yanka hannunta, gida sun ce aljanu ne

Assalamu alaikum. Ƙanwata shekararta 23, muna zaune a Birni, nan Damagaram. Da safe za ta ce ni kaɗai ke ƙaunarta, kafin la'asar ta wanke ni tas don ban ɗauki wayarta ba, wai zan yashe ta. In abin ya motsa sai ta yanki damtsenta da reza. Ko a zafin Afrilu ba ta rabuwa da riga mai dogon hannu.

An yi ruƙiyya sau uku, ta sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Na kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya ce bodalain ce, matsalar rashin daidaituwar ɗabi'a. Ƙwayoyin da ya rubuta barci kawai suke sa ta, bayan sati 2 ta watsar. Shi da kansa ya ce ƙwaya ba ta warkar da wannan, sai zaman tattaunawa na watanni irin wanda ake kira DBT, inda ake koya wa mutum yadda zai shawo kan motsin zuciyarsa, kuma da yawa suna samun sauƙi sosai.

Inna kuwa ta hana mu komawa, wai in aka gan mu a "sashen mahaukata" wa zai aure ta.

Don Allah, ina zan samu ƙwararren da ke yin wannan zaman da Hausa, a Damagaram ko ta waya daga Yamai?