Zakaran da Allah ya nufa da cara... to waɗanda shaho ya ɗauka fa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salama gare ku 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci tun ran Lahadi. Fastonmu ya yi wa'azi a kan halin da ake ciki: tsadar hatsi, hanyoyin da ba a bi in la'asar ta yi, ga masu neman kujera sun fara kaɗa gangar zaɓe tun ba mu gama jinyar na baya ba. Ya ce kada mu karaya, sai ya rufe da cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Majami'a ta ɗauki amin har da tafi. Gwaggona na zaune a ɓangaren mata, ita ba ta ce amin ba. Daminar bara aka harbe mijinta a gona can wajen Faskari, dalilin da ya sa ta dawo wurinmu birni ke nan. Da muka isa gida ta aje gyale ta ce, "To ni nawa zakaran Allah bai nufe shi ba ke nan?" Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Da dare muka kaure da yayana. Shi ya ce Fasto bai yi laifi ba, ƙarfafa zuciya ya yi. Ni na ce maganar nan ba ta bagade ba ce, ta wanda ya tsira ce. Har yau ba mu gaisawa sosai. Ku faɗa mani, wa ke da gaskiya?

Uwar Tagwaye: Allah ya ba Gwaggo haƙuri, ya zama mata miji da uba. Ɗana, ni dai ina tare da yayanka. Lokacin da aka kwashe yaran makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, sama da 300, wannan maganar muka riƙa faɗa wa juna a Zumuntar Mata, muna azumi muna addu'a, har suka dawo cikin mako guda. In ka ƙwace mana ita, da mi za mu riƙe zuciya?

Malamin Firamare: Mama, ba wanda ya ce a ƙwace. Amma kowace magana da wurinta. Ba a faɗin "bayan wuya sai daɗi" ga wanda ke tsaye bakin kabari. Ni yadda na tashi na ji, ana faɗin wannan ne bayan abu ya riga ya faru. Yaro maraya ya gama karatu, ko wanda aka yi ta yi wa zagon ƙasa ya samu sarauta, sai a juya baya a ce ai zakaran da Allah ya nufa da cara. Waige ne. Fasto ya ɗauke ta ya mai da ta alkawari, nan ne aka samu matsala.

Mai Shayin Bakin Tasha: Malam, ai ba Fasto ya fara ba. Je ka dubi allunan da ke kan shataletale. Kowane ɗan takara zakara ne da Allah ya nufa. Wani ma da gashin tsako a bakinshi yake faɗa.

Uwar Tagwaye: Kai dai ba ka rabo da tsiya.

Mai Shayin Bakin Tasha: Mama, gaskiya ce. Muzuru ya ɗinka babbar riga ya hau mumbari yana cewa a yi haƙuri da shaho. Shaho kuma na can wata jam'iyya yana cewa muzuru ne ya gama da kaji. Shekara na zagayowa ka gan su a akurki ɗaya, wai sun yi maja.

Maƙwabcinku Daga Daura: Ku yi mani izini in sa baki, ni Musulmi ne amma tare muke shan wannan ranar. Ta'aziyya ga Gwaggo. A wurinmu ma ana wannan gardama. Masu zaman dirshan su ce komai rubutacce ne, malamai su tuna masu cewa an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ni ban ga inda karin maganar ta ce a bar ƙofar akurki buɗe ba.

Dattijon Funtuwa: Madalla da maƙwabci. Ɗana mai tambaya, buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 ka karanta wa yayanka. Hirudus ya sa aka kashe Yakubu da takobi. A cikin surar nan dai ya kama Bitrus, mala'ika ya zo da dare ya fitar da shi daga kurkuku. Sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya mai addu'a, ɗaya ya mutu ɗaya ya fita. Za ka ce Allah bai nufi Yakubu ba? Haka Ibraniyawa 11, ta lissafa waɗanda suka tsere wa kaifin takobi, ba ta yi nisa ba ta lissafa waɗanda takobin ya ci, ta ce dukansu an shaide su saboda bangaskiya. Ubangijinmu da kansa bai tsallake giciye ba. Saboda haka in cara na nufin kubuta, maganar ta gaza mana. In kuma tana nufin wani abu daban, sai a faɗa mani mene ne.

Jikar Mai Akurki: Baba, bari in ba ku labarin kakarmu, wataƙila ya taimaka, wataƙila ya ƙara dagula lissafi.

Bamaguziya ce daga wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Ta yi wabi sau huɗu a jere. Ba bokan da ba a je wurinshi ba, ba akuyar da ba a yanka ba. Da ta haifi babanmu, na biyar, aka huda mashi kunne, aka kai shi kan juji aka aje, wata tsohuwa ta je ta ɗauko wai tsintuwa ta yi. Ya rayu. Mutane da yawa suna zaton saboda shi ta karɓi bishara. A'a. Mai bishara ya yi shekaru yana zuwa ƙauyen a kan keke tana ba shi ruwa kawai tana komawa ɗaki. Sai da ta haifi ta shida, ta yi wata takwas ita ma ta tafi. Mai bisharan ya zo gaisuwa, bai yi wa'azi ba, ya zauna a ƙasa ya yi kuka tare da su. Da zai tafi ya ce mata ko gwara ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Kaka ta ce wannan ne karon farko da wani ya nuna mata cewa akwai mai ƙirga mata waɗanda suka tafi. Kowa cewa yake ta manta, ta sake haihuwa. Bayan wannan aka yi mata baftisma. Daga baya ta haifi autarta, ita ma ta rayu.

To shekarar da aka bar fam aka koma naira, 1973, aka yi farin nan. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Abin da ya rage mata kaza ɗaya ce da tsaki tara. Shaho ma yunwa yake ji, kullum sai ya kawo sura. Ta daina zuwa ko'ina, ta zauna tsakar gida da kara a hannu da faifai a cinya tana rera waƙoƙin sujada, ido na sama. Da dare ta kife su da kwando ta ɗora dutsen niƙa saboda muzuru. Duk da haka bakwai suka tafi. Biyu suka rage, ɗaya ya zama zakara.

Abin da na gani da idona, don na kwana ɗakinta shekara shida: da carar farko take tashi ta durƙusa, ta kira sunan 'ya'yanta bakwai ɗaya bayan ɗaya, na nan da na can, ba ta tsallake ko ɗaya. Ranar da babanmu ya zama shugaban makaranta, baƙi suka cika gida, wani ya ɗaga murya ya faɗi wannan karin maganar taku yana nuna shi. Kaka ta aje ludayi ta ce, "Kada ka ƙara. Ni uwar bakwai ce, ba uwar biyu ba. Biyar ɗin sun riga shi yin cara, ku ne kunnenku bai kai can ba."

Uwar Tagwaye: Wayyo Allah. Kin sa ni hawaye cikin kasuwa.

Mai Shayin Bakin Tasha: Yaya, Allah ya jiƙan Kaka. Amma ba ki faɗa mana ƙarshen zakaran ba.

Jikar Mai Akurki: An aje shi ne don Kirsimeti. Ana saura kwanaki sai ga wani Bafulatani da iyalinshi daga arewa, shanunsu duk sun mutu a hanya, matar na goyo ba nono. Kaka ta kamo zakaran ta miƙa mashi tare da wuƙa, ta ce ya yanka da hannunshi don su iya ci. Kakanmu namiji ya yi kwana uku bai yi mata magana ba. Kirsimetin shekarar da miyar kuka aka yi shi.

Mai Shayin Bakin Tasha: To ya samu ya yi caran dai kafin wuƙa?

Jikar Mai Akurki: Ya yi. Ta ce kamar mako biyu yana tashin unguwa.

Malamin Firamare: Kun ga ni abin da ya tsaya mani a labarin nan shi ne dutsen niƙa da karan nan. Allah ya nufa, amma tsohuwa ce ta ƙi barci. Mu yanzu wa ke riƙe mana kara? A 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka ce ta haka za a kama shaho. Tsaki ne suka sha wuya. A farkon 2023 aka canja kuɗi muka kwana a layin banki. Ran 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu. Duk wanda ya zo sai ya ce mu yi haƙuri, gari ya kusa wayewa.

Mai Shayin Bakin Tasha: Mai kara na nan, Malam. Ya ba shaho aron karan ne, ana zaman sulhu.

Dattijon Funtuwa: Ɗana, sassauta. Akwai mutanen da zaman nan ne ya sa suka iya komawa gona, akwai kuma waɗanda suka ce an sayar da jinin 'yan'uwansu. Ba abin dariya ba ne. Malam kuma, Zabura 146 ta riga ta gaya mana kada mu dogara ga sarakuna. Amma Bulus ya ce wa Timoti a yi addu'a domin masu mulki. Ni duka biyun nake yi, kuma katin zaɓena na cikin aljihu.

Ɗalibar Tauhidi: Baba, da izininka. Ba wanda ya lura cewa a cikin Bishara carar zakara ba ta nasara ba ce? Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, zakara ya yi cara, ya fita waje ya yi kuka mai zafi. Farkarwa ce. Kuma da Yesu zai kwatanta kansa da wani abu a cikin akurki, bai zaɓi zakara ba, kaza ya zaɓa, mai tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikanta, Matta 23:37. Kaza ba ta iya faɗa da shaho. Jikinta kawai take sa wa a tsakani. Ni wannan ne ke kwantar mani da hankali in na ji harbi da dare, ba cara ba.

Uwar Tagwaye: 'Yata kin yi magana. Amma ku masu karatu kuna son ku kwance komai. Ni da na ga an naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katolika a Katsina a 2023, ba cocinmu ba ne amma sai da na yi guɗa, kuma wannan karin maganar ce ta fito daga bakina. Jikokin waɗanda ake kira arna ne fa. In wannan ba cara ba ce, mece ce?

Malamin Firamare: Waige ne, Mama. Abin da na faɗa tun farko.

Maƙwabcinku Daga Daura: Mu nan tsofaffinmu "ɗan tsakon da Allah ya nufa" wasu ke cewa, ba zakara ba. Ina ganin ta fi zama daidai, don shaho bai cika ɗaukar zakara ba.

Mai Shayin Bakin Tasha: Na yanzu har da mai kajin suke ɗauka.

Dattijon Funtuwa: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode maku duka. Na karanta wa Gwaggo labarin Kaka jiya da dare. Ta ce in maimaita wurin "uwar bakwai", na maimaita. Ba ta ce komai ba, sai ta tambaye ni sunan ƙauyen, wai dangin mijinta na wajen uwa mutanen Ƙafur ne. Da asuba na ji ta tana addu'a, ta ambaci sunanshi, abin da ban ji ta yi ba tun rasuwar. Yayana ya karanta na Baba Dattijo ya ce shi har yanzu bai ga inda Fasto ya kuskure ba. Ni kuma ban sauka daga kan tawa ba. Fasto ya aiko zai zo gaishe ta ran Alhamis, ban sani ba ko wani ne ya kai mashi labari.

Yaya Jikar Mai Akurki, don Allah ki turo mani sunan ƙauyen ta saƙon sirri, Gwaggo ta sake tambaya yau da rana.