Zuwa Split a Kuroshiya: me zan ci, me zan kiyaye?

Nana_Asabe: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan yi kwana huɗu a Split, bakin tekun Adriyatik. Ina son abincinsu na gargajiya, amma ina tsoron naman alade da giya. An kuma ce lissafin kifi yana ruɗa baƙi. A taimaka min.

Abu_Hanif: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki nemi wurin da aka rubuta konoba, nan ake girkin gida. Kifi iri biyu suke sayarwa: na faranti mai tsayayyen farashi, da manya irin zubatac da ake sayarwa a kilo. Nan mutane ke ƙonewa. Kuɗin da kika gani a takarda na kilo ɗaya ne, kuma ana auna kifin ɗanye, da kai da ƙaya. A ce kilo yuro 60 ne, kifin ya kai kilo ɗaya da rabi, yuro 90 ke nan. Ki sa a kawo shi ki gani, a faɗa miki nauyinsa kafin ya hau wuta. Giram 400 ya ishi mutum ɗaya. Ki duba ido da wurin numfashin kifin da ke gefen kai: ido garau, wurin numfashi ja. Ki ce "na gradele", wato gashi a kan garwashi da man zaitun. Yana zuwa da blitva, ganye da dankalin turawa da tafarnuwa. Idan kina son mai sauƙin kuɗi, srdele, wato sadin, ba ya ba da kunya.

MamanIlham: 'Yar'uwa, alade ba ya ɓuya a pršut, busasshen naman cinyar alade ne, ana ganinsa. Inda yake ɓuya shi ne pašticada: naman sa ne, amma ana huda shi a cusa kitsen alade, sannan a dafa da giyar inabi. Ćevapi ma, wato gasasshen niƙaƙƙen nama, sau da yawa gauraye ne da alade. Buzara da brudet, wato romon kayan teku da na kifi, da baƙar shinkafar nan crni rižot duk yawanci da giya ake dafa su. Ki riƙe "bez svinjetine" (ba alade) da "bez vina" (ba giya), amma abin da aka dafa tun safe a babbar tukunya ba a iya cire masa komai. Soparnik kam ki ci hankali kwance, ganye da albasa ne a cikin siririn ƙullun fulawa.

Abu_Hanif: Na manta peka. Ana rufe hobotnica, dabbar tekun nan mai hannu takwas, da dankali a ƙarƙashin murfin ƙarfe, a tula garwashi a kai kusan awa biyu. Sai an yi oda tun da wuri, gara kwana ɗaya kafin nan, kuma yawanci na mutum biyu ne zuwa sama. Amfanin hakan, tunda domin ke za a ɗora, sai ki ce kada a zuba giya.

Sadiq_Z: Ƙari kaɗan, Hajiya. Tun 2023 yuro suke kashewa, ba tsohon kuɗinsu mai suna kuna ba. Idan kin ga kuver a rasit, kuɗin burodi da shimfiɗar tebur ne. Ruwan famfo ana sha.